Kofin Kubra da Ciyawar Teku

Perpetual ce ta fara gaya wa Labaran cewa akwai ciyawa a cikin teku, har ana yin magani da ita. Perpetual mai kemis, ta bakin titin Bwari, wadda kullum tabarau ke saman goshinta ba ya sauka kan ido. Ke mai rubuta labarin nan, ki sa sunanta a farko, don daga bakinta maganar ta fito.

Labaran kuwa shi ne mai tura baron lemo da kankana a nan Dutse Alhaji, dogon nan mai furfura a gemu kaɗai. Ranar ya je kemis ɗin da rana, ya ajiye baro a inuwa, ya ciro wani kwalin farar ƙwaya daga aljihu ya dire a kan tebur.

"Madam, ga kayanki. Ta ce ta gama."

"Wa ya gama, Baba?"

"Wa nake da shi? Kubra mana. Ta ce wannan alli ne. Ta ce in makaranta ake son buɗewa a cikinta, to a kawo allo da ɗalibai. Tun da ta fara sha cikin ya ɗaure, kamar an kwaɓa siminti an zuba."

Perpetual ta yi dariya har tabaran ya kusa faɗowa. Ta ce, "Mama da rigima. To Baba, akwai wani. Shi da ciyawar teku ake yin sa. Masu sha suna ce mini ya fi kwanciya a ciki."

Labaran ya tsaya yana kallon ta. Shi bai taɓa ganin teku ba. Ruwan da ya fi girma a idonsa shi ne dam ɗin da ake hangowa a hanyar Bwari.

"Ciyawa a teku? Shanun wa ke kiwo a can?"

"Kifi, Baba."

"Ikon Allah. Babu alade a ciki dai? Babu giya?"

"Ciyawa ce. Wannan ɗin kafso ne, har kwanson na tsiro ne. Amma abeg, ka nuna wa likita tukuna, kar ka ce Perpetual ce ta ce."

Ya nuna wa likita, likita ya juya kwalbar ya duba, ya ce babu laifi, ta riƙa shan ɗaya da safe bayan ta ci wani abu. Haka maganin ya shiga gidan Labaran.

Amma bari a koma baya, don wanda bai san Kubra ba, ba zai gane abin da ya biyo ba.

'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Ringim. Ta tashi a gida mai baki da yawa, cikin shekarun da hatsi ya yi wuya. Ta sha ba da labarin yadda uwarta ke dafa ƙwai guda, ta ciro zare daga bakin zaninta, ta yayyanka ƙwan da shi, kowane yaro ya sami ɗan yanki da ɗan gwaiduwa a jiki. Wuƙa tana cin rabo, in ji uwar, zare ba ya ci. Da wannan Kubra ta girma. A wajenta abin da ya shigo gida ba na mutum ɗaya ba ne, ko da sunansa aka kawo shi.

Labaran ya aure ta, ya taho Abuja lokacin da ake gina ta, ya ɗauki bulo a ka har gashin tsakiyar kansa ya ƙare. Daga baya ta biyo shi. Sun zauna a unguwannin da yanzu babu su, an rushe an dasa wasu abubuwa. A ƙarshe suka sami ɗaki a wani gidan haya a Dutse Alhaji, irin mai ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, harsuna barkatai. A ƙofar gidan ta kafa kaskonta, tana soya ƙosai, tana dama kunun gyaɗa.

Sana'a dai sunanta sana'a. Gyaranta ya fi cinikin yawa. Labaran yakan tsaya da baronsa yana kallon yadda take ƙara wa ɗan acaɓa uku a kan biyu, ya ce, "Ke Kubra, ba kasuwa kike ci ba, kasuwa ce ke cin ki."

Ta ce, "Malam, tura baronka. Kankanarka na jin rana."

Tana da wani ɗan kofin silba mai lanƙwasasshen hannu, tun na kayan aurenta. Duk abin da aka dafa a ɗakinta, ɗiban farko a kofin nan yake fita zuwa wata ƙofa. Mutanen gidan, waɗanda da suka zo ba su san wannan ba, sai suka koya, har suka koyi ɗaya rabin: kofin Mama ba ya komawa wayam. Wannan ta sa yankan doya, wancan ya sa garin rogo, wata ranar ma dunƙulen magi biyu ne. Kubra ba ta taɓa duba abin da ke ciki a gaban mai kawowa ba.

Ta haihu da yawa, ta binne da yawa. Ikilima kaɗai ta tsaya, tana aure a Tungan Maje. Na farinta namiji ne, Saleh. Shi da ya fara tafiya sai ƙafafunsa suka lanƙwashe kamar baka. A ƙauye aka yi ta faɗa: wasu suka ce ta yi saurin goya shi, wasu suka ce ta tsallaka wani abu da ciki. Aka yi turare, aka yi rubutu, aka ɗaure ƙafar da kara. Bai kai shiga makarantar allo ba ƙyanda ta ɗauke shi. Kubra, da yake ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, yana raye ko bayan ransa. In dole ta yi maganarsa sai ta ce "wancan yaron," ta kau da kai.

Ciwon nata a hannu ya fara. Tana tsakar suya sai yatsun su ƙage su dunƙule kamar ƙafar kaza, matsami ya faɗa cikin mai. Ta ce leɓenta kamar tururuwa na yawo a kai. Bayanta ya fara rusunawa. Ta yi ta cewa sanyi ne, har ranar da mai ya fallatsar mata a ƙafa, Labaran ya ɗauko Keke ya ce ko ta shiga ko ya ɗauke ta a baro.

A asibiti aka ɗebi jini. Likitan, wani matashi mai haƙuri, ya ce abin da ke riƙe ƙashi ne ya yi ƙasa a jikinta, kalsiyam. Da ya ga Labaran bai kama ba, sai ya tambaye shi aikinsa na da. Ya ce bulo.

"To Baba, ka san bulon da aka yi wa rowar siminti?"

"Na san shi. A ido lafiya lau, ka taɓa ya zube."

"Haka ƙashin Mama yake son zama. Shi za mu hana."

Yana rubuta magani yana magana, har ya ƙara da cewa rashin abin nan a jiki yana cikin abubuwan da ke lanƙwasa ƙafar yara ƙanana. A bakin hira ya faɗa, bai ma ɗago ba. Kubra da tun shigarsu take kallon ƙasa, sai ta ɗaga kai.

"Likita, me ka ce?"

Ya maimaita.

"Ba goyo ba ne?"

"Ba goyo ba ne, Mama."

Har suka iso gida idonta na kan hanya. Labaran ya ɗauka gajiya ce.

To a ɗakin da ke kallon nasu akwai Christina da mijinta Ebenezer, mutanen wajen Kafanchan. Shi yana gadi a cikin gari, ita tana kitso a ƙofar ɗaki. 'Yarsu guda, Kindness, ba ta wuce shekara huɗu ba, baki kamar rediyo, ƙafafu kamar baka. In tana tafiya sai ta riƙa rangaji hagu da dama, yaran layi suna bin ta suna cewa ga agwagwa ta fito. Ba ta iya bin su da gudu, don haka a gindin kaskon Kubra take wuni, tana kiran ta Kaka, tana ƙirga mata ƙosai ba daidai ba.

Kubra ta yi wa Christina magana bayan dawowarsu daga asibiti. Christina ta ce, "Mama, na ji. Babansa ya ce zai miƙe in ya girma. In an biya su za mu kai shi." Haka take Hausarta, 'yarta ma "shi" take ce mata. Wata ya ƙare, wani ya ƙare, ba a kai ta ba.

Ana nan kwalbar ciyawar teku ta iso. Ba abin arha ba ce. Labaran bai ce wa kowa komai ba, sai dai baronsa ya fara isa Kubwa, inda a da ba ya zuwa, kuma mai shayin bakin masallaci ya daina ganin sa. Da yamma in ya dawo sai ya tsoma ƙafafu a ruwan ɗumi, ya ce yana jin daɗin haka ne kawai.

Da yake ta taɓa ƙin farar ƙwaya, sai ya sa doka: a gabansa za ta sha. Kowace safiya kafin ya fita yakan tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Ita kuwa tana durƙushe ta ba shi baya, tana fama da tukunyar kunu. Can sai ta juyo, ta buɗe tafin hannu, ga kafso a kai.

"Ga shi, ɗan sanda. Ka gani?"

"Na gani. Haɗiye."

Ta jefa a baki, ta kora da ruwa, ta buɗe masa baki kamar yarinya. "Sai ka rubuta a ofis."

"Yaya ɗanɗanonsa? Akwai ƙarnin kifi?"

"Ko kaɗan. Kamar iska nake haɗiya."

Daga nan sai ta miƙo masa ɗan kofin silba, cike da kunu mai ɗumi. "Miƙa wa 'yar gidan can a kan hanyarka."

Shi kuma ya tsallaka tsakar gida, ya ƙwanƙwasa. "Ina Madam ƙarama? Ga odarki ta iso."

Kindness ta fito tana rangaji, ta karɓa da hannu biyu. "Baba, ka sha mini a hanya ko?"

"Ni? Da wannan gemun? Da kin ga shaida."

Christina daga ciki ta ce, "Kindness, ka ce na gode mana!"

Haka kullum. Damina ta shigo ta fita. Kwalba ta ƙare ya sayo wata, ita ma ta ƙare ya sayo wata. Hannun Kubra bai daina ƙagewa ba. Ya koma wajen Perpetual ya ce, anya ciyawar nan ba ta bushe a hanya ba? Ta ce masa irin wannan ba ya aiki dare ɗaya, amma ya mayar da Mama a sake duba jinin. Ya gaya wa Kubra, ta ce ɗan jinin da ya rage mata ba za ta kai a zuƙe ba, ita ta ji sauƙi. Ya matsa, ta yi masa dariya, ta ce ya tsufa ya zama mai mita. Ya ƙyale ta. Yana ganin tana sha da idonsa, me kuma zai ce?

Faɗuwar da ta yi ba wata faɗuwa ba ce. Da a ce wani ne, tashi zai yi ya kakkaɓe zani. Ta fito da robar ƙullu za ta tsallaka 'yar kwatar bakin ƙofa, santsi ya ɗauki ƙafa ɗaya, ta zauna daɓas. Labaran yana ɗaure kankana a baro ya ji ƙara, kamar an karya busasshen kara. Ba ta yi ihu ba. Cewa ta yi, "Malam, ƙullun ya zube."

Ƙashin ƙugu ne ya karye. Aka kwantar da ita, aka ce sai an yi aiki, amma sai jikinta ya ɗan yi ƙarfi. Aka sake ɗibar jini. Likitan nan ya zo da sakamako yana ɓata fuska.

"Baba, tana shan maganin kuwa?"

"Kullum. A gabana."

"Kullum?"

"Wallahi ko ranar Sallah ban ɗaga mata ba."

Likita ya dubi Kubra. Kubra ta dubi bango. Likitan ya ce zai dawo.

Bayan la'asar, da 'yan dubiya suka ragu, ta kira Labaran. Ya matso da kujera.

"Malam, kwalbar tana cikin samirar da ke saman akwati. Gobe ka dama kunu, kar ya yi kauri, ba ta son mai kauri. Ka ɗauki ƙwaya ɗaya. A hankali ake murɗa ta, sai ta rabu biyu. Ka juye garin a kofi, ka gauraya sosai don kar ta gani a sama."

Labaran ya ce, "Wa?"

"Kindness."

Ya daɗe yana kallon ta. Yana jin ƙarar fanka, yana jin wata mata a gadon can tana kiran nas. Sannan abin ya sauko masa gaba ɗaya: bayan da take ba shi kowace safiya, tafin hannun, iskar da ta ce tana haɗiya, da ɗumin kofin a hannunsa.

"Kwanson kike haɗiya."

"Kwanson ma na tsiro ne, ai kai ka faɗa."

"Kubra, kar ki yi mini wasa." Ya dubi tafin hannunsa. "Ni kika ba wa? Da hannuna? Kullum ina tsallaka tsakar gida da ƙashinki a kofi ina yi wa yarinya barkwanci?"

"Kunu na aike ka da shi."

"Me ya hana ki ce in sayo biyu?"

"Da wace ƙafar? Kana tsammani ba na ganin abin da kake tsomawa a ruwa da yamma?"

"To ki gaya wa uwarta!"

"Ta karɓa? Maganin marar lafiya? Ka san Christina." Ta numfasa, ciwon ya taso, ta jira ya lafa. "Malam, ni na yi tafiyata. Na zo daga Ringim har nan. Ita ko bakin titi ba ta taɓa isa da ƙafarta ba."

"Ba 'yarki ba ce."

"Ka ji abin da likita ya ce ranar nan. Ba goyo ba ne. Shekara da shekaru ina cewa ni na yi masa." Ta juyo ta dube shi sosai. "Da an ba Saleh."

Tun ranar da aka raɗa wa yaron suna, Labaran bai taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Ya tashi ya fita, ya je bayan ɗakin ya tsaya wajen tankin ruwa, ya kama ƙarfen da hannu biyu.

Washegari ya tare likita ya gaya masa komai. Ya ce, "Ka gaya mini gaskiya. Da ta sha, da ba ta karye ba?"

Likita ya ce shi ba zai iya rantsewa ba. Ƙashin ya daɗe yana lalacewa, mai yiwuwa da ya taimaka, mai yiwuwa da bai isa ba. Amma ya ce ita yarinyar, ba a yi wa yaro magani da ka. Awonta daban ne, kuma wataƙila akwai abin da take buƙata wanda babu shi a kwalbar. A kawo ta a duba ta, tun ƙashin yana ɗanye.

A gaban Kubra ya faɗa. Ta ce, "To ka ji, Malam. Ka kai mata kwalbar, ka kawo ta wajen likita. Kai za ka kawo ta, in an bar wa Ebenezer sai ta yi aure."

Ya ce, "To."

Bai kai ba. A nan ne abin ya tsaya masa a wuya har yau.

Da ya koma gida ɗaukar kaya, ya tarar da Kindness zaune a gindin murhun da ya yi sanyi, da kofin silba a cinyarta. Ta ce, "Baba, ina Kaka? Yau babu oda?" Idonsa ya sauka kan ƙafafunta. Ya duba, ya sake dubawa, yana neman ya ga inda wahalarsa ta tafi. Sun ɗan miƙe? Ba su miƙe ba? Ya kasa ganewa. Sai ya ji wani abu mai ɗaci ya taso masa, ya wuce ta ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Yarinya 'yar shekara huɗu.

Christina ta gaishe shi, ya amsa da hanci. Ta dafa farfesu ta kai asibiti, ya tare ta a baranda ya ce Mama na barci, ya karɓi kular bai ce ta zauna ba. Ta sake zuwa, ya sake cewa tana barci. Ba ta ƙara zuwa ba. Shi kuma ya tare a asibitin, Ikilima na kawo musu abinci daga Tungan Maje, ya daina leƙa gida.

Kullum Kubra sai ta tambaya. "Ka kai?"

"Zan kai."

"Yaushe?"

"In kin tashi mu kai tare."

"Malam."

"Gobe."

Ba a kai ga yin aikin ba. Kwanciyar ta yi yawa, ƙirjinta ya kama, numfashi ya fara yi mata wuya. Ranar wata Alhamis bayan azahar ta ce a ɗaga mata kai. Ikilima ta ɗaga. Ta nemi Labaran da ido, ta ce, "Kofin nan yana wajensu. Kar ka bari ya kwana biyu a ƙofa ɗaya." Daga nan sai kalmar shahada. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Da aka dawo daga maƙabarta, mutanen gida suka fito gaisuwa, kowa da kukansa. Labaran yana amsawa yana duban ƙofar da ke kallon tasu. Labulen ba na Christina ba ne. Wani kore ne mai hoton furanni.

Ya tambaya. Aka ce ai Ebenezer aikin gadin ya ƙare, mai gida kuma ya ƙi jira, sun kwashe tun makon jiya sun koma wajen Kurudu, inda haya ke da sauƙi. Wata maƙwabciya ta ce ranar da za su tashi Christina ta zauna a kan kayanta tun safe har rana ta take, mai mota yana ta hon, tana jira ko Baba zai leƙo. Da za ta shiga mota ta ce, "Ku gaya wa Baba ya yafe mana. Ban san laifin da muka yi masa ba."

A kan tagar ɗakinsa ya ga kofin, an rufe shi da ɗan faranti. Ya buɗe. Soyayyiyar gyaɗa ce a ƙulle a leda.

A nan ne Labaran ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba. Ya zauna a dokin ƙofa da kofin a hannu, manyan maza suka kau da kai.

An gwada lambar Christina, ba ta shiga. An gwada ta Ebenezer, wani ne ya ɗauka ya ce bai san shi ba. Babu wanda ya san layin da suke, Kurudu kawai aka sani.

Bayan an watse daga zaman makoki ya sauko da samira. Kwalbar na ciki, sabuwa ce, ba a fi 'yan ƙwayoyi da taɓa ta ba. Ya kai wa Perpetual ya ba ta labari. A ranar ne aka ga tabaran ya sauko kan idonta. Ta duba gindin kwalbar ta ce masa tana da sauran rai har bayan damina mai zuwa, in ta wuce haka sai zubarwa. Ta ce, "Amma Baba, ƙafar yaro ba ta jira kamar kwalba."

Ya ce ya sani.

Tun daga lokacin, ranar Lahadi ba a ganin baron Labaran a titi. Yakan yi asubanci, ya sa wankakkiyar riga, kwalba a aljihun dama, kofi a na hagu. Ya hau mota zuwa cikin gari, ya sake wata zuwa Karu, ya sake wata zuwa Kurudu. Ya yi tunani ya ga mutum zai iya sauya ɗaki, ya sauya waya, amma Christina ba za ta bar zuwa coci ba. Sai ya sami coci guda ya tsaya a tsallaken hanya, ya jira a tashi. In mutane suka fito, shi ba fuska yake kallo ba. Ƙasa yake kallo, ƙafafun yara, masu farin safa da masu silifa, yana neman mai rangaji.

Ba a gaya masa yawan cocin da ke Kurudu ba. Wani a babban gini, wani a shago, wani a ƙarƙashin rumfar kwano.

Wata Lahadi masu tsaron wani coci suka lura da shi: tsoho da hula, tsaye tun safe, aljihu a kumbure. Suka zagaye shi. Babbansu, wani ƙato mai suna Zacharias, ya ce, "Baba, fito da abin da ke aljihunka. A hankali."

Ya fito da kofi. Ya fito da kwalba. Ya fito da ƙullin gyaɗa, don har yau bai ci ba.

"Mene ne wannan?"

"Ciyawar teku ce."

Suka dubi juna. Ya ba su labarin a tsaye, tun daga alli har zuwa labule kore. Da ya gama, Zacharias ya riƙe masa hannu ya shigar da shi har gaban fasto, shi da bai taɓa taka cikin coci ba, ya tuɓe takalmi a ƙofa suna ce masa ba sai ya tuɓe ba. Fasto ya yi sanarwa. Mata uku suka miƙe, kowacce Christina. Babu ita a ciki. Ɗaya daga cikinsu ta ba shi ruwan leda, ta ce ya gwada wajen bayan kasuwa, sababbin zuwa can suka fi sauka.

Ya gwada. Ba su nan.

Ikilima ta yi ta roƙon sa ya koma wajenta Tungan Maje ya huta. Ya ce in ya tashi daga ɗakin nan, su kuma suka zo neman Mama, wa za su tarar? Har yau yana nan. Kaskon yana jingine a bango. Da safe yakan tsaya a bakin ƙofa kafin ya fita, ya ɗan daɗe, sannan ya kama baro.

Ki rubuta sunayen da kyau yadda mai karatu zai gane: Christina mai kitso, mijinta Ebenezer, 'yarsu Kindness, mutanen wajen Kafanchan, da suka zauna a Dutse Alhaji. Wanda ya san su ya gaya musu ba su yi wa Baba laifin komai ba. Ya gaya musu Kaka ta rasu, kuma ta bar saƙo.

Damina ta kusa. Jiya ya wanke kofin da toka har yana ƙyalli. An ce masa akwai wasu 'yan coci biyu a hayin rafi, inda mota ba ta shiga, sai da ƙafa. Can zai je ranar Lahadi.